Damben da ba a taɓa yi ba

Tsohuwar gardama ce a bakin masoya damben Turawa: da zakaran wani zamani ya gamu da na wani zamani, wa zai kai wani ƙasa? An taɓa neman amsarta da gaske a Amurka.

A 1969 wani mai shirya shirye-shiryen rediyo, Murry Woroner, ya haɗa Muhammad Ali da Roki Marsiyano a gaban na'urar ɗaukar fim a Miyami. Marsiyano ya aje dambe tun 1956, bayan karawa 49 ba tare da an doke shi ko sau ɗaya ba. Shekarunsa 45 a lokacin, sai da ya rage ƙiba, aka kuma ɗora masa gashin aro. Ali kuwa yana da 27, amma ba shi da izinin dambe, domin an ƙwace masa kambu a 1967 da ya ƙi shiga soja lokacin yaƙin Biyetnam. Suka yi ta kwaikwayon naushi, aka ɗauki ƙarshen wasa iri-iri, aka ce na'ura mai ƙwaƙwalwa za ta zaɓa. Marsiyano ya rasu a hatsarin jirgin sama ranar 31 ga Agusta 1969, bai ga fim ɗin ba. Ranar 20 ga Janairu 1970 aka nuna shi, Ali ya faɗi a turmi na 13. Daga baya aka nuna wa ƴan kallo a Ingila wani ƙarshen, wanda a cikinsa Ali ne ya yi nasara.

Dambe ɗaya, hukunci biyu, kowane taro da nasa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa irin wannan gardama ta fi auna zuciyar mai kallo bisa ƙarfin ɗan dambe. Amma matsalar ta fi haka zurfi. Wane Marsiyano za a kawo? Nauyinsa wajen kilo 85 ne, a ma'aunin yau ko ajin masu nauyi ba zai shiga ba. In an ba shi abinci da horon zamani don a yi masa adalci, an ƙera wani mutum dabam mai sunansa. In an bar shi yadda yake, an tuhume shi da laifin haihuwa da wuri. Gwaninta amsa ce ga abokan karo na zahiri, a rana ta zahiri, kuma wanda aka cire daga zamaninsa an raba shi da tambayar da ya amsa.

Akwai kuma rashin kunya a lamarin, ko da yake Ali ya karɓi kuɗinsa da yardarsa. Ƙasar da ta hana shi damben gaske a shekarun ƙarfinsa ita ce ta sayi tikiti don ta ga an kayar da shi a na ƙarya.

Na'urar ta ƙidaya abin da ya riga ya faru ne kawai. Alin da aka ba ta labarinsa mai saurin ƙafa ne, wanda naushi ke wuya ya same shi. Wanda ya koma fage a Oktoba 1970 ƙafarsa ta yi nauyi, Jo Fureza ya doke shi a 1971. A Kinshasa, a 1974, wannan Alin ya jingina da igiya, ya bar Joj Foman ya yi ta duka har ya gaji, sannan ya kai shi ƙasa a turmi na 8.