Tsohon Bashin Wuta Ba Ya Mutuwa Don An Tashi Daga Shago

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan uwa, nasiharmu ta wannan Juma'a a kan wani bashi ne da da yawanmu ba ma lissafa shi a cikin bashi. Idan ka tambayi mutum wa ke binsa kuɗi, zai ce maka mai doya yana bin sa kaza, dillali kaza, mai mota kaza. Kuɗin wutar da ya taru a tsohon shagonsa kuwa, ko a ɗakin hayar da ya tashi shekara uku da suka wuce, ba zai ambata ba. In ka tuna masa, sai ya yi dariya ya ce, "Ai wannan na NEPA ne." Kamar dai wutar da ya sha ba ta da mai ita.

To jama'a, wutar nan da muka kunna firiza da ita muka sayar da ruwan sanyi, muka yi cajin wayoyin mutane muka karɓi kuɗi, muka tayar da injin markaɗe, haja ce aka ba mu kafin mu biya. Wanda ya karɓi haja bai biya ba, sunansa mai bashi, ko mai hajar mutum ɗaya ne ko kamfani ne.

Matsayin bashi a addini

Ayar da ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka: a rubuta shi, a sa masa lokaci, a kafa shaidu, ƙarami ne ko babba. A ayoyin gado na Suratun Nisa'i kuma, an sa biyan bashi kafin a raba wa magada ko kwabo.

Ya tabbata a hadisi cewa an kawo wa Manzon Allah (SAW) gawa don ya yi mata salla, ya tambaya ko ana bin mamacin bashi, aka ce e, kuma bai bar abin biya ba. Sai ya ce su yi masa salla su. Sai da Abu Ƙatada (RA) ya ɗauki bashin a wuyansa, sannan Annabi ya sallace shi. Ya kuma tabbata cewa shahidi ana gafarta masa komai, ban da bashi. To in wanda ya ba da ransa bai tsira ba, ina ga ni da kai da muka tattara kaya da daddare muka bar bil a maƙale a jikin ƙofa?

Ku dubi Zubairu ɗan Awwam (RA), ɗaya daga cikin goma da aka yi wa bushara da Aljanna. A ranar yaƙin Raƙumi, shekara ta 36 bayan Hijira, abin da ya kira ɗansa Abdullahi ya yi masa wasiyya da shi, bashinsa ne. Da aka lissafa, ya kai miliyan 2 da dubu 200. Abdullahi ya sayar da filin Gaba ya biya. Magada suka ce a raba musu saura, ya ce a'a. Sai da ya yi shekara 4 yana shela a lokacin aikin Hajji, duk mai bin Zubairu bashi ya zo, sannan ya raba. Su masu bashin yake nema. Mu kuma in mun hango masu tsani sun shigo layi, sai mu rufe shago mu ce wa yaro ya ce ba ma nan.

"Ai na gwamnati ne"

Wannan magana ta daɗe da tsufa. NEPA ta koma PHCN tun 2005, kuma a watan Nuwamba 2013 aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni. Jiharmu ta Nasarawa ta faɗa ƙarƙashin kamfanin AEDC, tare da Abuja da Neja da Kogi. Ko da ma na gwamnati ne, dukiyar jama'a ta fi ta mutum ɗaya nauyi, don masu haƙƙi a cikinta ba ka san iyakarsu ba, balle ka bi su ka nemi yafiya.

Haka nan zagaye mita, da jona waya ta bayan gida, da ba wani ɗan abu a hannu don ya kau da kai. Kada mu sa wa abin wani suna mai daɗi. Shan wutar da ba a biya ba ta hanyar dabara cin haram ne, kuma ribar da ta fito daga firizar nan ita ce za a saya wa yara abinci da ita.

Amma ana yi mana ƙari

Gaskiya ne, kuma ba za mu ɓoye ba. Wanda ba shi da mita, bil ɗin ƙiyasi ake kawo masa, wani lokaci wata ya wuce rabinsa a duhu amma takarda ta zo da kuɗi kamar mai masana'anta. Musulunci bai ce ka biya abin da ba ka ci ba. Sai dai bai ba ka damar ka fake da ƙarin da aka yi maka ka cinye har da wanda ka sha ba. A ce an rubuto maka naira dubu 80, kai kuma ka san tsakaninka da Allah ka sha ta dubu 30. Wannan dubu 30 ɗin bashi ce a wuyanka babu tantama. Dubu 50 ɗin kuwa ka bi hanya ka yi jayayya a kanta.

Kuma hanyar tana nan. Tun watan Fabrairu 2020 hukumar kula da lantarki ta ƙasa, NERC, ta sa iyaka ga abin da za a iya ƙiyasta wa wanda ba shi da mita. Mai ƙorafi zai fara da rubuta takarda zuwa sashen ƙorafi na kamfanin, ya riƙe kwafi mai ɗauke da hatimi da kwanan wata. In ba a warware ba, ya ɗaukaka zuwa wurin hukuma. Hayaniya a gindin falwaya da zagin yaron da aka aiko da tsani ba su taɓa rage wa kowa ko naira ɗaya ba.

Wanda ka bar wa wahala

Nan ne abin ya fi shafarmu mu mazauna Agyaragu. Yawancinmu zuwa muka yi, wani daga Kano, wani Katsina, wani Sakkwato ko Zariya, kasuwar doya da hatsi ta kawo mu. Gidaje da shagunan da muke ciki, da yawa na 'yan gari ne. Bashin wuta a kan asusun gida ko shago yake zama. Ranar da ka koma gida ko ka canza layi, shi yana nan. Wanda ya shigo bayanka shi za a zo a yanke wa wuta. In an sa mita mai kati, sau da yawa akan ɗora tsohon bashin a kanta, duk lokacin da ya sayi wuta a zare wani abu. Wato bawan Allah yana biyan kuɗin fankar da ta yi maka fifita.

A ƙa'idar hukuma, sabon ɗan haya ba shi ne ke da alhakin bashin wanda ya gabace shi ba, kuma yana da haƙƙin ya kai ƙorafi. Amma kafin a warware, ya sha zirga-zirga zuwa Lafiya, ya yi asarar ciniki, ya yi Allah ya isa. Shi kuma mai gida, gobe in wani Bahaushe ya zo neman haya, me kuke tsammani zai ce? Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Iyayenmu da suka fara sauka a ƙasar nan ba da takarda aka ba su masauki ba, da amana aka ba su. Kada mu zama mu ne muka rufe ƙofar da suka buɗe.

Sunanka shi ne jarinka

Mu 'yan kasuwa mun san wannan tun kafin banki ya san shi. Akwai mutumin da za a loda masa mota guda ta doya a kan kalmarsa, akwai wanda ko ƙwarya ɗaya sai ya ajiye kuɗi. Bambancinsu suna ne kawai. To yanzu wannan sunan an mayar da shi cikin kwamfuta. Akwai kamfanoni masu lasisin Babban Bankin Najeriya, irin su CRC da FirstCentral da CreditRegistry, aikinsu ajiye tarihin wanda ya ci bashi, ya biya ko bai biya ba. Dokar da aka kafa a 2017 ta tsara aikinsu, kuma ba bankuna kaɗai ke iya kai musu suna ba, har da kamfanonin da ke ba da hidima kafin a biya. Tun watan Agusta 2020 kuma, banki na iya bin lambar BVN ya cire bashinsa daga asusunka na wani bankin. Ranar da ka je neman jari, ko a bankin da ba ya harka da ruwa ne, sai an duba wannan tarihin. Dubu 20 da ka raina tana iya hana ka miliyan.

In littafin 'yan Adam ya zama haka, ba ya mantuwa, to yaya littafin da mala'iku ke rubutawa?

Kada a wanke najasa da fitsari

Wani in an matsa masa, sai ya ɗauki waya ya ci bashin manhaja don ya biya kuɗin wuta. Ɗan uwa, ka fita daga bashi ka shiga riba. Ruwan da suke ɗorawa haram ne, kuma in ka makara, wasunsu sukan tura saƙon tozarci ga duk lambobin da ke wayarka, har surukanka da malaminka. Abin ya yi yawa har hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta ɗauki mataki a kan wasunsu a 2022. Gara ka sayar da wani abu, ko ka nemi rance mai kyau wurin ɗan uwa, ko ka nemi a raba maka biya.

Masu bin bashi a cikinmu su ma su ji. Aya ta 280 a Baƙara ta yi umarni da a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu, kuma yafewa ta fi. Tona asirin mutum a kasuwa ba hanyar Musulmi ba ce. Sai dai sauƙin nan na marar hali ne. Mai hali da ke jan ƙafa, hadisi ya kira abin da yake yi zalunci.

Abin yi daga yau

Na ɗaya, kowa ya zauna ya tuna duk gida da shagon da ya taɓa zama, a nan ko a wani gari. Inda ka bar bashin wuta ko na ruwa, ka rubuta.

Na biyu, ka je ofis da lambar asusun, ka nemi a fitar maka da lissafi a rubuce. Ka ware abin da ka yarda da shi da wanda kake jayayya a kai.

Na uku, ka nemi a raba maka biya wata-wata, ko kaɗan ne. Sannu ba ta hana zuwa. Ka biya ta banki ko a ofis, ka karɓi rasit ka adana. Kuɗin da ka damƙa wa wani a bakin titi ba tare da rasit ba, bashinka yana nan.

Na huɗu, in wani ya riga ya biya maka, mai gida ne ko wanda ya shigo bayanka, to shi kake bi da kuɗin yanzu. Ka neme shi ka ba shi, ka nemi afuwa. In ya rasu, magadansa. In ka yi iyakar nema ba ka same su ba, malamai sun ce ka yi sadaka da kuɗin da niyyar ladan ya je masa.

Na biyar, ranar shiga haya da ranar fita, a duba mita ko bil na ƙarshe a gaban mai gida da shaida, a rubuta. Gidan da ake haɗa kuɗin wuta, a sa littafi.

Na shida, ka sanar da iyalinka abin da ake binka. Mutuwa ba ta sallama. Magada kuma, kafin ku raba gado, ku tambayi kuɗin wutar gida da na shago.

Wanda bashi ya yi masa katutu da gaske kuma ba shi da hanya, kada kunya ta kashe shi. Masu bashi suna cikin kashi takwas da Allah Ya ambata a Suratut Tauba cewa a ba su zakka. Ya sami Liman a keɓe, maganarsa ba za ta fita ba. Mawadatanmu kuma su tuna da irin waɗannan idan lokacin fitar da zakka ya zo.

Sanarwa: gobe Asabar bayan sallar La'asar, kwamiti zai zauna a harabar masallaci don taimaka wa duk mai son a karanta masa bil ko a rubuta masa takardar ƙorafi. A zo da tsofaffin bil da rasit. Mata su aiko da nasu ta hannun mazajensu ko 'ya'yansu. Ba a biyan komai.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, cin sa ba abin kunya ba ne. Kuma ya tabbata cewa wanda ya karɓi dukiyar mutane da niyyar biya, Allah zai taimake shi ya biya. Mu gyara niyya, mu fara da abin da ke hannu.

Allah Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya wadatar da mu da halal, Ya sa kada mu bar duniya da haƙƙin kowa a wuyanmu. Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya sa albarka a kasuwanninmu. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Sakataren Masallaci