Ruwan Gonarka, Gonar Maƙwabcinka

'Yan'uwa cikin Kristi, dukanmu mun san ƙasar Bichi da Ɗambatta da Minjibir: gona tana manne da gona, ba abin da ya raba su sai layin gamba ko 'yar siririyar hanya. Sa'ad da ruwan watan Agusta ya yi yawa, gero ya kwanta, gyaɗa ta ruɓe cikin kunya, takin da aka sha wahalar kaiwa ya bi rafi. A shekara ta 2022 ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma akwai gwaji da ke zuwa tare da ruwan. Mutum ya ga gonarsa ta cika, ya ɗauki fartanya da dare, ya fasa kunyar iyaka. Ruwan ya fita. Ina ya tafi? Ya shiga gonar gwauruwa da ke gangare. Shi ya tsira da dawarsa, ita kuwa ta rasa abincin shekara.

Ku buɗe Ishaya sura 5. Annabi ya ba da misalin gonar inabi wadda mai ita ya yi mata dukan wahala, ya tsince duwatsu, ya gina hasumiyar tsaro. Amfanin da Ubangiji ya nema a wurin jama'arsa shi ne gaskiya da adalci, amma abin da ya ji kukan waɗanda aka zalunta ne. Ashe ba damin da ke rumbu kaɗai Allah yake ƙirgawa ba. Yana duban yadda aka same shi.

Me za mu yi fa? Tun kafin damina ta yi ƙarfi, maƙwabta su zauna tare da mai unguwa, su shirya inda ruwa zai bi, su yashe hanyarsa da gayya. Kada a tone gambar iyaka, gama saiwarta ce ke riƙe ƙasa. A ɗaga gindin rumbu bisa duwatsu. Wanda gonarsa ta tsira ya ba wanda ya rasa irin wake ko na dankali, domin ya sake shuka tun da sauran danshi. Kada kuwa mu tambaya ko ɗan ekklesiya ne ko Musulmi, maƙwabci ne.

Dattawan ekklesiya, ku fara da gwauraye da marayu.

Bari mu roƙi Ubangiji ya tsare hannuwanmu daga zalunci, ko a ranar da ruwa ya kai mana gwiwa. Amin.