Damuwar da Ba Ta Barin Mutum Ya Huta



Yawancinmu baƙi ne a Gombe. Wani ya baro iyali a Katsina, wani a Sakkwato ko Maraɗi, ga kaya a hanya, ga bashi a Tudun Hatsi ko Babbar Kasuwa. Irin wannan damuwa kowa yana yi, kuma in kaya sun sauka lafiya sai ta wuce. Amma akwai wadda ba ta wucewa. An biya bashi, sai zuciya ta koma kan lafiyar yara. Yara lafiya lau, sai ta koma kan kuɗin hayar baɗi. Idan haka ta kai wata 6 kusan kullum, mutum ya kasa tsayar da tunanin, likitoci sun ce ciwo ne, kuma yana da magani.

Daga alamominsa akwai rashin barci, gajiya ba tare da an yi aikin ƙarfi ba, kasa zama wuri ɗaya, saurin fushi, da ɗaurewar wuya da kafaɗu. Hankali ba ya taruwa: lissafin shago ya rikice, a sallah a manta raka'a nawa aka yi. Wasu har da faɗuwar gaba da zufa. Yana kama maza, yana kama mata, don haka mu lura da iyalinmu a gida.

Don Allah kada mu ce wa mai wannan hali ba shi da tawakkali. Bukhari ya ruwaito daga Anas cewa Annabi (SAW) ya kasance yana yawan neman tsarin Allah daga damuwa da baƙin ciki, kuma shi ne ya umarce mu da neman magani. Addu'a da zuwa asibiti ba sa karo da juna.

Wanda ya ga waɗannan alamomi, ya riƙe zikirin safe da yamma, ya rage goro da shayi da daddare, ya gaya wa wanda ya amince da shi. Sannan ya ga likita a Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Jiha, domin wani lokaci ciwon jiki ne ke kawo su. Kada a sayi maganin barci a kemis ba da takardar likita ba.

Wanda ke jin nauyin zuwa shi kaɗai, ya same ni bayan sallah, za a raka shi, kuma maganar ba za ta fita ba.

Allah Ya sanya natsuwa a zukatanmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Amin.

Sakataren Masallaci