Mashigin Urdun a Kan Hanyar Marwa

Karatu: Littafin Mahukunta 12:1-6, Ayyukan Manzanni 21:37-39



In ka taɓa shiga motar haya daga Garwa zuwa Marwa, ka san yadda tafiyar take. Wajen kilomita 200 ne, amma ba nisan yake gajiyar da mutum ba, tsaye-tsayen ne. Ka hango igiya ko ganga a tsakiyar hanya, ka ji usur, direba ya rage rediyo ya tattara takardunsa, kowa ya laluba aljihu ya fito da katin shaida.

Bari in ba ka labarin da ba na jin daɗin bayarwa. Shekarun baya, lokacin da tashin hankalin Boko Haram ya yi zafi, ina cikin mota a kan wannan hanya. Direbanmu dattijo ne mai zanen Barebari a fuska. A wani shinge aka ɗaga wa motar da ke gabanmu hannu ta wuce. Da aka zo kanmu, mai kakin ya dubi fuskar direba tukuna, sa'an nan ya dubi takardu. Takardu sun cika. Ya karanta garin da aka haife shi, can wajen Mora, ya ce, “Sauko.” Aka sa shi ya sauke kayan da ke bisa mota duka, shi kaɗai, cikin rana, ana tambayarsa 'yan'uwansa nawa ne a daji. Da mai kakin ya zo kaina ya ga Littafi Mai Tsarki a cinyata, sai ya ce, “Fasto, yi haƙuri, yanzu za ku tafi.” Na yi murmushi. Gaskiya ita ce, na ji daɗi a zuciyata da ba ni ba ne. Fiye da awa ɗaya muka yi, ban ce uffan ba, har direba ya naɗe kuɗi cikin takarda ya miƙa aka sake mu.

Mun yi nisa kafin na ce masa, “Baba, sannu.” Ya ce, “Yauwa, Fasto. Na daji sun kore mu daga gida, na hanya kuma sun ce mu ne na daji.” Bai ƙara magana ba har muka isa.

A karatunmu na yau akwai shinge irin wannan. Bayan yaƙi tsakanin mutanen Gileyad, waɗanda Yefta yake shugabanta, da kabilar Ifraimu, mutanen Gileyad suka tsare mashigan Kogin Urdun. Duk wanda ya zo hayewa sai a sa shi ya faɗi kalma ɗaya, Shibolet. Harshen mutumin Ifraimu ba ya iya furta ta daidai, sai ya ce Sibolet, kamar yadda kalma ɗaya takan raba Bakano da Basakkwace. Nan take a kashe shi. Mutum 42,000 na Ifraimu suka mutu a wannan rikici. Ka lura, ɗan'uwa, a bakin kogin ba a tambayi kowa abin da ya aikata ba. Ba shaida, ba alƙali. Harshen da ya koya a bayan uwarsa, shi ne laifinsa. Ka kuma tuna Gileyad daga zuriyar Manassa yake, Manassa da Ifraimu kuwa 'ya'yan Yusufu ne. Jini ɗaya ne ya tare hanya, jini ɗaya ya zube.

Ba na cewa shingen ba shi da dalili. Mun ga abin da ya faru. A watan Yuli na 2014 aka kai hari Kolofata. A watan Yuli na 2015 bama-bamai suka tashi a Fotokol, suka tashi a cikin Marwa har kwana biyu dabam. An ƙone majami'u da masallatai, sojoji da yawa sun mutu suna tsaronmu, waɗansunsu 'ya'yan ikkilisiyoyinmu ne. Wanda aka ajiye a hanya da dare, bai san abin da motar da ke zuwa ta ɗauko ba, yana da dalilin tsoro. Amma tsoro ba ya gani da kyau. Kolofata ɗin nan garin Barebari ne, su ne suka fara shan wutar. A ranar 27 ga Disamba 2014 aka kama maza da yara fiye da 200 a ƙauyukan Magdeme da Duble, a yankin Mayo-Sava. Gwamnati da bakinta ta yarda 25 daga cikinsu sun mutu a tsare a Marwa a daren farko, ƙungiyar Amnesty kuma ta lissafta fiye da 130 da danginsu ba su sake jin labarinsu ba. Masu sauraron rediyo kuma ba su manta da Ahmed Abba ba, wakilin sashen Hausa na RFI, wanda aka kama a Marwa a 2015, bai fito ba sai Disamba 2017. Abin da yake farawa da kallon fuska a bakin hanya, wani lokaci can yake ƙarewa.

Wannan ciwo ba namu ne kaɗai ba. A Amurka, direbobi baƙar fata sun daɗe suna kuka a kan yadda 'yan sanda suke tsayar da su. Ranar 6 ga Yuli 2016, a jihar Minnesota, ɗan sanda ya tsayar da Philando Castile, yana cewa ya yi kama da wani ɗan fashi da ake nema saboda faɗin hancinsa. Castile ya gaya masa yana ɗauke da bindiga, wadda yake da izinin riƙewa. Nan take aka harbe shi a cikin motarsa, a gaban budurwarsa da 'yarta mai shekara 4. A 2017 kotu ta sallami ɗan sandan. Wani zai ce, ai wannan maganar launin fata ce, mu a nan duk baƙaƙe ne. To, a watan Janairu 2023 a birnin Memphis, 'yan sanda 5 da suka yi wa Tyre Nichols dukan da ya zama ajalinsa bayan an tsayar da shi a hanya, baƙaƙe ne kamarsa. Zuciyar ɗan Adam ba ta rasa abin da za ta raba mutane da shi. In ba fata, akwai zane, akwai rawani, akwai suna.

Manzo Bulus ma ya sha wannan. Da aka kama shi a Urushalima, shugaban sojojin Roma ya ɗauka shi ne wani Bamasare da ya ta da tarzoma ya kai mutum 4,000 jeji. Wato ya ɗauke shi ɗan ta'adda ne. Sai da ya ji Bulus yana Helenanci ya gane kuskurensa. Bulus bai zage shi ba, bai kuwa ba shi ko kwabo ba. Ya faɗi ko shi wane ne, ya faɗi garinsu, Tarsus. Da suka miƙe shi za su yi masa bulala, ya tambaye su ko doka ta yarda a bugi ɗan ƙasar Roma ba tare da shari'a ba, sai suka ja da baya. Ɗan'uwana direba, ka gyara takardunka, ka riƙe harshenka, hannuwanka su kasance inda ake ganinsu. Amma neman hakkinka cikin ladabi ba rashin bangaskiya ba ne.

Kai kuma ɗan'uwa mai kaki, da kake zama tare da mu ranar Lahadi, ina da magana da kai. Sa'ad da sojoji suka zo wurin Yahaya Maibaftisma a Luka 3:14, bai ce su tuɓe kaki ba. Ya hana su ƙwace, ya hana su ƙazafi, ya ce albashinsu ya ishe su. Bincika mota, aikinka ne. Amma in ka bar tawa ta wuce don sunana Bitrus, ka juye ta Modu don sunansa Modu, ba tsaro kake yi ba. Mai mugun nufi ma ya iya rataya gicciye a madubin mota. Sefa 500 ɗin nan da kake karɓa, ko ka kawo rabinta cikin baiko, Allah ya san aljihun da ta fito.

Sauran maganar tawa ce da taka, mu fasinjoji. Yakubu a sura ta 2 ta wasiƙarsa ya kira nuna bambanci zunubi, bai sassauta ba. Ni ban tare hanya ba, ban karɓi kuɗi ba, amma bambancin da aka nuna ya yi mini daɗi don ya faɗa a kan wani. Mu masu bi a arewa mun san zafin a raina mutum saboda sunansa, a makaranta ko a wurin neman aiki. Yaya muka manta da sauri haka? Ran nan ba wanda ya ce in yi faɗa da mai bindiga. Da na sauka na kama wa dattijon nan buhu ɗaya. Da na ce, “Shef, tun daga Garwa muke tare da shi, ba mu ga komai ba.” Mai kakin ya riga ya girmama ni, watakila da ya ji. Ubangiji ya ba ni wannan ɗan mutunci a idonsa, na kashe shi a kan kaina.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka gafarta mini shirun da na yi. Ka kiyaye direbobin da suke bin hanyar Marwa da Mora da Kuseri yau, Musulmi da Kirista. Ka tsare masu tsaron hanya daga harsashi, ka tsare su daga kwaɗayi. Ka ta'azantar da iyayen Magdeme da Duble. Dattijon nan kuma, in yana raye, ka kai shi gida lafiya. A cikin sunan Yesu, amin.