Zangon Alfarma da Kare: Don Wa Ake Tafiyar?

Gabatarwa

Jama'a masu karatu, na san da wuya wani daga cikinku ya ga kan wannan bayani bai yi murmushi ba, ya ce, "Oho, yau kuma karnukan Turawa za a yi mana magana a kai?" To, a yi haƙuri a bi ni sannu. Sau da yawa ƙaramar al'ada ita ke ɗauke da babbar tambaya, kuma tambayar da ke cikin wannan al'ada tsohuwa ce ƙwarai, watau mene ne haƙƙin wanda ke hannunka, alhali ba shi da bakin da zai ce maka i ko a'a?

Mene ne Zangon Alfarma?

Wajen shekarar 2005 wata sabuwar kalma ta ɓullo a Ingila, wadda ake furtawa "gilamfin". An haɗa ta ne daga kalmomi biyu, ɗaya mai nufin ƙawa, ɗaya mai nufin kwana a tanti, kuma a 2016 aka shigar da ita babban ƙamus na Okusfod. Mu sai mu ce da abin zangon alfarma. Mutum zai bar birni ya tafi jeji ko gefen tafki ya kwana, amma ba zai kafa tanti da hannunsa ba, ba kuwa zai kwanta a ƙasa ba. Zai tarar da tantin a kafe, da gado da katifa da fitila da makewayi, wani lokaci ma irin zagayayyen tantin makiyayan Mongoliya ne aka ƙawata.

Kalmar ce sabuwa, abin kuwa daɗaɗɗe ne. A watan Yuni na 1520 Sarki Henri na Takwas na Ingila da Sarki Faransuwa na Ɗaya na Faransa sun haɗu a wani fili kusa da garin Kale, suka yi fiye da mako biyu ana shagali cikin tantunan da aka yi wa ado da zaren zinariya. Abin da ya sake a yau shi ne, ma'aikaci mai matsakaicin albashi ma yana iya kama hayar irin wannan wuri na kwana biyu. Daɗin daɗawa, masu wuraren da yawa a Ingila da Amurka suna tallar cewa baƙo ya zo da karensa, har su ajiye masa shimfiɗa da kwanon abinci.

Hujjar Masu Goyon Baya

Masu son wannan al'ada suna da hujja mai ƙarfi. Sun ce kare dabba ce mai son zama da jama'a, kuma zamansa da ɗan Adam ba na jiya ba ne. A Obakasal ta ƙasar Jamus an tono wani kabari mai kimanin shekara 14,000, aka sami mutum biyu da kare a binne tare. Tun da mu muka raba shi da daji muka saba masa da kanmu, ashe nauyinsa ya hau wuyanmu. Idan mai shi zai yi tafiya, ko dai ya bar shi a gidan ajiyar karnuka cikin baƙin fuskoki, ko ya sa shi a keji a cikin ɗakin kaya na jirgin sama, ko ya yi ta neman masaukin da zai yarda da shi. Zangon alfarma kuwa ana zuwa a mota, ga fili, ga iska, ga ubangidansa kusa.

A 1789 wani masanin falsafa Bature, Jeremi Bentam, ya kawo ra'ayin cewa abin dubawa game da dabba shi ne ko tana jin wahala, ba ko tana da hankali ko magana ba. Irin wannan tunani ne ya yi ta girma har aka yi dokar kula da dabbobi ta 2006 a Ingila, wadda ta ɗora wa mai dabba biyan bukatu biyar: muhalli mai dacewa, abinci mai dacewa, damar yin ɗabi'arta ta asali, zama da 'yan uwanta ko ware ta gwargwadon halinta, da kiyaye ta daga ciwo da cuta. Mai goyon baya zai ce, ina wurin da kare zai yi ɗabi'arsa ta asali, ya yi gudu ya sansana ƙasa, fiye da jeji?

Amma An Tambaye Shi?

A nan ne tufka ta fara warwarewa. Mai karen ne ya zaɓi rana, shi ya zaɓi wuri, shi ya biya kuɗi, shi ne kuma zai dawo ya ce karen ya ji daɗi. Watau mai ƙara shi ne shaida, shi ne alƙali. Ɗan Adam kuwa gwani ne wajen ganin son zuciyarsa a fuskar wanda yake ƙauna. Mafarauci da ya fita da karnukansa bai taɓa cewa domin su ya fita ba, ya san farauta ce ta kai shi. Mai zangon alfarma shi ne ke cewa don karen aka yi tafiyar, saboda haka shi ya kamata a tuhuma.

Alal misali, kyanwa ta fi shaƙuwa da wurin da ta sani, ta riga ta shafe kowane lungu da ƙanshin jikinta. Ɗauke ta zuwa baƙon tanti mai motsi da iska, ga kukan dabbobin dare, galibi tsoro ne gare ta, ko da an shimfiɗa mata alharini. Kare kuma ba ya yin gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa, tanti kuwa in rana ta buga shi yakan ɗau zafi da sauri, musamman ga irin karnukan nan masu gajeren hanci da numfashi ke yi wa wuya. Tsohon kare mai ciwon gaɓoɓi, ko mai amai in ya shiga mota, me ya samu a tafiyar awa biyar? Katifar da fitilun ado duk na mutum ne. Abin da karen ke bukata inuwa ce da ruwa da natsuwa.

Wannan bai rushe hujjar farko ba, gyara ta ya yi. Dabba ba ta magana, amma tana nuna alama: ta ƙi abinci, ta maƙale wutsiya, ta yi ta haki ko rawar jiki, ta nemi wurin ɓuya. Wanda ya riƙe amana shi ne wanda ya koyi karanta waɗannan alamu, sa'an nan ya yarda su soke masa shirinsa. In mutum ba zai iya fasa tafiya ba bayan ya ga alamun, to ya daina cewa don karen ya yi.

Masu Gida Fa?

Akwai kuma waɗansu da ba a sa su cikin lissafi, su ne mazauna jejin. Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Mai zango da karensa za su yi kwana biyu su tafi, tsuntsuwar da ta yi sheƙa a ƙasa kuwa nan ne gidanta. A 2007 waɗansu masana biyu, Bankis da Burayan, sun yi bincike a dazuzzukan da ke kusa da birnin Sidni na Ostareliya. Suka gano cewa wucewa da kare, ko da yana ɗaure da igiya, ta rage yawan tsuntsayen da ake gani a wurin da kashi 41 cikin ɗari, ta kuma rage ire-irensu da kashi 35. Dalili kuwa shi ne tsuntsu bai san kare na wasa ba, maƙiyi yake gani.

Saboda irin wannan ne dokar shiga filayen karkara ta 2000 a Ingila da Wales ta ce daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli, lokacin da tsuntsaye ke kwanci, a riƙe kare da igiyar da ba ta wuce mita 2 ba, haka kuma a kowane lokaci in ana kusa da dabbobin kiwo. A gandun dajin Yalosuton na Amurka ma ba a yarda a bi hanyoyin ƙafa na cikin daji da kare ba. Ga kuma batun cuta. A 1994 wata cutar karnuka, 'yar uwar ƙyanda, ta kashe wajen zakoki 1,000 a Serengeti. Karnukan ƙauyukan kewaye aka danganta wa abin, ba na masu yawon shaƙatawa ba, amma darasin ɗaya ne: abin da kare ya ɗauko daga cikin mutane yana iya zama annoba a daji.

To, ga inda maganar ta tsaya. An kawo kare don ya sake, amma sakewarsa ita ce firgitar masu gida. Tausayin da ya tsaya kan dabbar da muka raɗa wa suna, ya manta da wadda ba mu san sunanta ba, bai cika tausayi ba, son abin hannu ne kawai.

Wata Tuhuma

Wani ɗalibi zai ce, duk wannan almubazzaranci ne. Tantin da wani ke biyan kuɗi ya kwana ciki da karensa, irinsa ne ɗan gudun hijira ke kwana ciki don dole. Maganar tana da nauyi, kuma duk mai kashe dukiya kan ƙawa ya kamata ta dame shi. Sai dai laifin yana ga almubazzarancin, ba ga kula da dabbar ba. Rahama ba hatsin rumbu ba ce da za a ce in an ɗibar wa kare ta mutum ta ragu. Masanin nan na Jamus, Imanuwel Kant, yana ganin wanda ya saba da zaluntar dabba zuciyarsa takan bushe har ga mutane.

Kammalawa

A nawa ɗan ganin, tafiya zangon alfarma da dabba ba abin zargi ba ne, ba kuma abin yabo ba ne da kansa. Yana zama daidai in mai tafiyar ya cika sharaɗi uku. Na farko, ya duba halin dabbarsa ita kanta, shekarunta da lafiyarta da tsoronta. Na biyu, ya shirya juyowa gida in ta nuna ba ta so, ko da kuɗinsa zai tafi a banza. Na uku, ya riƙe igiya, ya yi wa karen allurar rigakafi, ya kwashe kashinsa, ya kauce wa wuraren kwancin tsuntsaye da garken tumaki, domin shi da karen duka baƙi ne.

Ina kuma roƙon 'yan uwana ɗalibai, waɗanda gobe za a ba mu riƙon aji ko ofis ko iyali, mu ɗauki wannan ma'auni mu gwada a kanmu. Duk ranar da muka ce mun yi wa wani na ƙasa da mu abu "don amfaninsa", mu tsaya mu duba ko mun lura da alamun da ya nuna, ko kuwa abin da muke so muka yi muka rataya masa.