Faɗa-wuta Marar Baki



Da farkon damina na kwana a wani ƙauye tsakanin Gwarzo da Kabo. Muna zaune da dare, sai ga wata babbar faɗa-wuta ta faɗo kusa da fitila. Faɗinta ya kai tafin hannun babban mutum, kowane fiffike kuwa da 'yar taga wadda haske yake ratsawa. Ɗan mai gidan ya kife ta da ƙwarya, ya zuba mata ruwan sukari cikin murfin kwalba. Bayan 'yan kwanaki na biyo ta nan, na tarar ta mutu, ko ɗigo ba ta sha ba. Yaron yana ta kuka, yana cewa shi ya kashe ta.

Ba shi ba ne. Irin wannan halitta ba ta da bakin ci. Masana suna kiran danginta Saturniidae, suna kuwa da yawa a duniya. A dazuzzukan duwatsun Himalaya, wajen Indiya da Nepal, akwai wata mai suna Archaeoattacus edwardsii, wadda idan ta buɗe fikafikanta takan kai wajen santimita 25, ta fi taki guda ke nan. Ita ma duk da girman nan ba ta ci, ba ta sha. Mako ɗaya ko biyu take yi, ta yi ƙwai, ta mutu.

To, da ƙarfin me take tashi? Da abin da ta ci tun tana tsutsa. Tamu ta nan, Epiphora bauhiniae, tsutsarta ganyen magarya take ci. Ba ta da wani aiki sai ci, har fatarta ta yi mata kaɗan, ta saɓa, ta koma kan ganye. Sa'ad da ta ƙoshi sai ta saƙa wa kanta jaka ta alharini a jikin reshe, ta shige, ta yi rani a ciki. Wadda ba ta sami ganye isasshe ba, ƙarama take fitowa, ba ta kuwa ƙara girma.

Iyaye, da ku nake. 'Ya'yanmu ba sa daɗewa a gabanmu. Yaro yana kai shekara 12 ko 13 sai makarantar kwana, ko koyon sana'a a Kano, ko cin rani a Kurmi. Yarinya a kai ta aikatau gidan da ba za ta ji an ambaci Yesu ba. Sau da yawa babu majami'a kusa, babu mai karanta musu ko aya ɗaya. Can ne wani zai tambaye su dalilin bangaskiyarsu, wani ya yi musu alkawarin kuɗi ko aure. Ran nan ba za su zo su tambayi fasto ba. Abin da suka ci a gida, da shi za su amsa.

Ku tuna da Daniyel. Yana saurayi aka kwashe shi zuwa Babila, nesa da Haikali, aka sāke masa har suna. Ya tsufa a can bai bar addu'a ba. Timoti kuma, wurin kakarsa Lowis da uwarsa Afiniki ya ga bangaskiya, ya san Littattafai tun yana ƙanƙane.

Kada wani ya ce na hana babba tuba. A nan misalin ya gaza, gama mutum ba ƙwaro ba ne. Na yi wa tsoho mai furfura baftisma, Ubangiji yana buɗe bakin wanda ya ga dama. Amma wannan aikinsa ne, bai ɗauke mana namu ba. Littafi Mai Tsarki yana cikin harshenmu tun 1932, duk da haka ina shiga gidaje in same shi a ƙasan adaka, gara ta fara ci. Wanda bai iya karatu ba, ya sa ɗansa ɗan makaranta ya karanta bayan tuwon dare, kowa ya ji. Malamin makarantar Lahadi sa'a guda yake da ita cikin mako, sauran duka a hannunku suke.

Yaron nan na kai shi gindin magaryar bayan gidansu, na nuna masa ganyen da aka ɓalgace. Mun yi da shi zai bar tsutsar ta ci iyakar cinta, ba zai taɓa jakarta ba har ruwan baɗi ya sauka.