Kufan Inka da Hakkin Mai Ɗaukar Kaya

A ƙasar Peru, cikin duwatsun Andes, akwai wani kufai da a ke kira Machu Picchu. Yana bisa wani tozon dutse mai tsawon ƙafa wajen 8,000, kogin Urubamba kuwa ya kusan kewaye gindinsa. Mai son ya isa can da ƙafa sai ya goya jakarsa, ya bi tsohuwar hanyar Inkawa, mil 26, tafiyar kwana huɗu. A rana ta biyu a kan haye wata mashiga mai tsawon ƙafa 13,800, inda iska ta ke da ƙaranci, har mutum ya yi taki goma ya tsaya yana haki.

A nan ne wata tambaya ta kama ni. Ina zaune bakin hanya, jakata ta yi mini nauyi kamar dutsen niƙa, sai ga wani ɗan dako ya zo ya wuce ni da sauri. Yana ɗauke da tantinmu da tukwanenmu, ƙafarsa da takalmin taya. Da muka isa kufan, mu baƙi muka yi ta ɗaukar hoto muna yaba wa kanmu, shi kuwa tun da asuba ya gangara neman jirgin ƙasa. To, in an yi babban aiki, wa ya cancanci yabo, wanda ya ce a yi, ko wanda ya ɗauka a ka?

Mu duba ginin kansa. Masana tarihi sun ce an gina shi wajen shekarar 1450, zamanin Sarki Pachacuti. Mutanen nan ba su da ƙarfen sassaƙa irin namu, ba su da doki ko amalanke. Duk da haka sun fafe duwatsu, sun haɗa su ba tare da laka ba, har wuƙa ba ta shiga tsakani. Ƙarfin da ya yi wannan na talakawa ne, gama a mulkin Inka harajin mutum aikinsa ne. Kowane gari ya kan ba da mazaje bi da bi, su yi wa sarki gini ko noma ko hanya. Sunan sarki ya wanzu, na magina kuwa ba ko ɗaya da ya iso gare mu.

Wani zai ce, ai in ba mai tsarawa, taron hannu ba ya zama gini. Zai kuma ce sarki yana ciyar da ma'aikatan nan daga rumbunansa, yana tufatar da su. Wannan magana tana da ƙarfi, ban kuwa musa ba. Shugaba yana da nasa rabo, don shi ya hango abin tun babu shi. Amma wanda aka ciyar bai zama wanda aka tambaya ba. Kuma rabo daban, cinye duka daban.

Ga misali na biyu. A shekarar 1911 wani malami Ba'amurke, Hiram Bingham, ya hau wurin, duniya ta ce shi ya gano shi. Alhali kuwa wani manomi na kwarin ne ya kai shi, ya kuma tarar da iyalai suna noma a gonakin kufan. Bingham ya yi ƙoƙari, shi ya sanar da duniya. Amma wanda ya nuna hanya ya riga shi sani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Watau hali guda ne ya fito sau uku, wurin magini, da ɗan jagora, da ɗan dako. Dalilinsa kuwa shi ne, labari yana hannun mai alƙalami, mai kaya a ka ba shi da sukunin rubutu. Mu masu karatu, in mun karɓi labarin yadda aka ba mu ba mu tambaya ba, mun shiga cikin laifin.

To, mene ne abin yi? Maginan nan sun tafi, ba mu da hanyar biyansu, sai dai mu tuna da su sa'ad da mu ke kallon aikinsu. Amma ɗan dako yana da rai. A shekarar 2001 Gwamnatin Peru ta kafa doka ta ƙayyade nauyin da za a aza masa, ta kuma yanke mafi ƙarancin ladansa. Doka ta yi nata, sauran na matafiyi ne, ya tambayi sunan mutumin, ya duba ko ya ci abinci, ya biya shi hakkinsa ba da ragi ba.

Ya kai mai karatu, ba lalle sai ka je Peru ba. Gobe in ɗan dako ya sauke maka buhu a ƙofar gida, ka dubi fuskarsa kafin ka dubi buhun.